Ajiye Albashi Don Sana'ar Binciken Masu Amfani da Manhaja: Lissafin da Ya Kamata Ka Fara Yi



Akwai wata sana'a da kamfanonin fasaha ke biyan kuɗi a kanta, wadda yawancin matasanmu ko sunanta ba su taɓa ji ba, alhali wani sashe nata mu muka fi kowa dacewa da shi. 'Yan kamfani na ce wa mai yinta yuza risaca. A Hausance dai mai binciken masu amfani da kaya ne, musamman manhajojin waya. Ita nake yi yanzu, kuma don kaina nake yi, bayan shekara uku ina aikin albashi a Ikeja, inda nake amsa kiran kwastomomi masu jin Hausa a wani kamfanin hada-hadar kuɗi. Ba ni da digiri. Sakandare na gama a Agege, mahaifina kuma shanu yake saukewa daga Arewa zuwa kara.

Matasa da dama suna turo min saƙo suna tambaya ko su ma su ajiye nasu aikin su biyo ni. Na ga gara in rubuta bayanin sau ɗaya kowa ya karanta. A taƙaice, sana'a ce ta gaske, ana ci da ita, amma da lissafi ake shigarta. Wanda ya shiga don ya gaji da oga kawai, ya saki reshe ya kama ganye.

Mene ne aikin?

Masu ƙera manhaja yawanci suna zaune ne a Yaba ko Lekki ko Victoria Island, cikin sanyin ofis, da manyan wayoyi da intanet mai ƙarfi. Wanda zai yi amfani da abin da suka ƙera kuwa yana tsaye ne a tsakiyar Kara ta Isheri ko abbatuwar Oko-Oba, rana na dukan gilashin wayarsa da ya tsage, sabis na zuwa yana ɗaukewa, ga mai saye a tsaye yana jira. Wancan bai san halin da wannan ke ciki ba, wannan kuma ba shi da hanyar faɗa masa. Mai bincike shi ne ke shiga tsakaninsu. Zai je ya zauna da mutane, ya ga yadda suke amfani da abin da idonsa, ya gano inda suke maƙalewa da dalilin maƙalewar, ya koma ya yi wa kamfani bayani yadda za su iya gyarawa.

Wasu na ɗauka talla ce, wasu na ɗauka aikin ejan ne mai buɗe wa mutane asusu. Ba ɗaya ba ne. Ɗan talla so yake ka yarda kayan na da kyau. Mai bincike aibin kayan yake nema. Ranar da na dawo da labarin cewa komai lafiya, ranar ban yi wa kamfani aikin komai ba.

Me ya sa ake neman irinmu?

Kowa ya tuna abin da ya faru bayan Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoba na 2022. Farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace. Dattawan da suka rantse ba za su taɓa sakin saniya a kan transfa ba, dole ta sa suka karɓa. Tun lokacin manhajoji irin su OPay da PalmPay da Moniepoint suka cika kasuwanninmu, har mai shayi da mai suya suka liƙa lambar asusu a jikin tebur.

To kuɗin da ke juyawa a kasuwar shanu da ta gwari da ta hatsi ba ƙarami ba ne, kamfanoni kuma sun gane haka. Matsalarsu ita ce ba su san mu ba. In suka turo wanda ba ya jin Hausa, amsar da zai samu ba ta wuce "eh" da "ba komai". In suka ɗauko Bahaushe daga Kano, yaren zai ji, amma bai san zaman Kudu ba: bai san wa ake fara gaisarwa a kasuwa ba, ba ya jin Yarabanci ko burokin da zai yi magana da mahautan da ke sayen shanun. Mu da aka haifa ko muka tashi a nan, da harsuna uku muke kwana muke tashi. Wannan shi ne jarinmu, kuma ba a koyar da shi a jami'a.

Yadda ake yin aikin

Kamfani zai zo da tambaya. Misali: me ya sa 'yan kasuwa ke sauke manhajarmu, su fara rajista, su bari a tsakiya? Daga nan aiki ya kasu kashi biyar.

Na farko, zaɓen mutane. Ba abokanka za ka tattaro ba don su ci kuɗin goro. In ana neman dillalai masu ƙaramar waya waɗanda ba su yi boko ba, su ɗin za ka nemo, ko da zai ɗauke ka kwana uku.

Na biyu, neman izini, daga shugabannin wuri da kuma shi mutumin da za ka yi hira da shi. Zan dawo kan wannan a ƙasa, don shi ne ƙashin bayan sana'ar.

Na uku, hira. Nan ne gwaninta take. In ka nuna wa Bahaushe abu ka ce "Alhaji, ya ka gan shi?" kara za ta sa ya ce "Ma sha Allah, ya yi kyau," ko da bai gane komai ba. Saboda haka ba a tambayar ra'ayi, labari ake tambaya: "Alhaji, ba ni labarin ranar ƙarshe da ka tura kuɗi gida. Wa ya danna maka? A ina kake? Me ya faru bayan nan?" Duk wanda ya tashi a kara ya san wannan. Ba a tambayar mai saniya ko tana da lafiya. Buɗe bakinta ake yi a duba haƙora, a sa ta yi tafiya a gani.

Na huɗu, gwaji. Za ka miƙa wa mutum wayar ka ce ya tura naira dubu zuwa wannan lambar, sai ka kama bakinka ka zuba ido. Zai maƙale, zuciyarka za ta so ka nuna masa inda zai danna. Kar ka nuna. Wurin da ya maƙale shi ne abin da aka biya ka ka gano. Ba a kuma buƙatar taron mutane. Wani masani a wannan fanni, Jakob Nielsen, ya yi bayani a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da abu, muddin mutanen iri ɗaya ne. In rukunin ya bambanta, kamar dillalai da mata masu abinci, kowane rukuni da nasa biyar ɗin.

Na biyar, rahoto. Za ka saurari rikodin, ka fassara, ka tace, ka rubuta da Turanci mai sauƙi: ga abin da na gani, ga mutum nawa ya faru da su, ga abin da ya jawo. Hirar awa ɗaya takan ci min awa huɗu ko fiye wajen fassara da rubutu. Ka riƙe wannan, zai yi amfani in mun zo lissafin kuɗi.

Ga irin abubuwan da ke fitowa a ayyukan da na yi. Mutum a NIN sunansa Muhammadu, a BVN Mohammed, manhaja ta ce ba shi ba ne. Wani wayar tasa ce, amma yaronsa ne ke danna komai, har lambar sirrin yaron ne ya sani. Wani yana karanta ajami tsaf, amma boko sai an karanta masa, shi ya sa duk harkarsa a WhatsApp da saƙon murya yake yi. Wani da ya ga kalmar da ke nufin kuɗin ruwa a shafin ajiya, ya rufe bai sake buɗewa ba. Wani an taɓa cutarsa da alat na bogi, yanzu ba ya sakin dabba sai ya kira ɗansa ya duba masa asusu. A wurinmu waɗannan ba labari ba ne. A wurin mai ƙera manhaja, kowanne ɗaya na iya sa a sake fasalin shafi guda.

Abin da albashi ke ɗauke maka ba ka sani ba

Mai albashi kuɗin da ke shigowa ƙarshen wata kawai yake gani. Akwai wasu a bayansa. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ma'aikaci na saka kashi 8 cikin 100, kamfani na ƙara masa kashi 10. Ranar da ka ajiye aiki, wannan goman ta tsaya. In kamfaninku na biyan inshorar asibiti, ita ma ta tsaya. Kwamfuta, intanet, wuta, duk na ofis ne. In ka kwanta zazzaɓi kwana biyar, albashi bai ragu ba. In ka tafi gida Sallah, yana nan yana jiranka.

Mai cin gashin kansa kuwa, ranar da bai fita ba, ba a rubuta masa komai. Kuma aikin yana da kaka da rani kamar kasuwar dabbobi. Wani watan kamfani uku ke nemanka a mako ɗaya, sai ka ƙi wani. Wani lokacin wata biyu wayarka ba ta yi ƙara ba. Ga jinkirin biya. Akwai kamfanin da na gama wa aiki, sai da na yi wata biyu da rabi ina bibiya kafin kuɗina suka fito, kullum "ana kan sa hannu." Mai gidan haya ba ya jin wannan yaren.

Lokacin da na faɗa wa mahaifina niyyata, bai hana ni ba. Cewa ya yi: "Kai yaro, wanda ya ɗauko shanu daga Potiskum ba kuɗin saye kaɗai yake lissafawa ba. Akwai mota, akwai na kan hanya, akwai ciyawar kwanakin da ba a yi ciniki ba, akwai wadda za ta faɗi. In ba ka sa su a farashi ba, kana ta juya kuɗi jarinka na narkewa." Na ce, "Baba, haka ne." Da wannan ma'aunin na zauna na yi nawa lissafin.

Yadda ake yanke farashi

Ga misali, kowa ya sa nasa adadin. A ɗauka albashinka naira 150,000 ne. Sabon shiga zai raba shi gida 22, kwanakin aiki a wata, ya ga kusan 6,800, ya ce to in aka ba ni 10,000 a rana ai na ci riba. Wannan lissafin shi ke mayar da mutane neman aiki bayan wata huɗu.

Ga yadda ya kamata. A kan 150,000 ɗin, ƙara 15,000 na fanshon da kamfani ya daina saka maka. Ƙara 15,000 na data da kati. Ƙara 10,000 na ajiyar asibiti, da 10,000 na gyaran waya da kwamfuta. Ya zama 200,000. Sai ka tambayi kanka tsakani da Allah: kwana nawa za a biya ni a wata, in an haɗa watannin kaka da na rani? In takwas ne, raba 200,000 gida takwas. Naira 25,000 ke nan a rana, kuma a nan ne ka yi daidai da tsohon albashinka, ba ka ci ribar sisi ba tukuna.

Sannan abubuwa uku ba sa shiga cikin kuɗin aikinka, daban ake rubuta su. Kuɗin mota, wanda kowa ya san yadda ya koma tun cire tallafin mai a watan Mayu na 2023. Kuɗin goron waɗanda aka yi hira da su, don lokacinsu ka ci. Da kwanakin fassara da rubuta rahoto, waɗanda aiki ne cikakke ko da a ɗaki kake zaune. Ka nemi rabin kuɗi kafin ka fara, rabi in ka miƙa rahoto, kuma a rubuta a takarda: mutum nawa, kwana nawa, yaushe za a biya. Kamfanin da ya ƙi ba da kafin alƙalami, ka yi hattara da shi.

Kafin ka miƙa takardar ajiye aiki

Ni sai da abubuwa huɗu suka cika kafin na fita, kuma su nake ba kowa shawara a kai.

Ajiyar da za ta riƙe ka wata shida ba tare da ko kwabo ya shigo ba, har da haya da abin da kake turawa gida.

Ayyuka biyu ko uku da ka riga ka yi a ranakun hutu, waɗanda za ka iya nunawa. Amma fa ka duba takardar ɗaukarka aiki, wasu kamfanonin sun hana yi wa abokan gasarsu aiki.

Aƙalla mutum biyu da suka riga suka biya ka sau ɗaya, suka kuma ce za su sake nemanka. Alƙawarin baki na wanda bai taɓa biyanka ba, hadari ne da bai zubo ba.

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, da lambar haraji, da asusun banki na sana'a daban da na aljihunka. Kamfanoni da yawa ba sa iya biyan wanda ba shi da waɗannan.

Ka kuma fita ta ƙofa. Ka ba da sanarwar da takardarka ta ce, ka miƙa komai lafiya, ka yi sallama da kowa. Aikina na farko bayan na fita, wata tsohuwar abokiyar aikina ce da ta koma wani kamfani ta kira ni. Yawancin ayyuka haka suke zuwa, daga baki zuwa baki. Sauran suna fitowa ne daga kamfanonin bincike da ke karɓar babban kwantiragi su raba wa 'yan fili, da ƙungiyoyin lafiya da na noma, da shafin LinkedIn in ka rubuta a fili harsunan da kake ji da kasuwannin da ka sani.

Kuɗin fanshonka da ke asusu naka ne, ba sa ɓacewa don ka bar aiki. Doka ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire har kashi 25 cikin 100 in ya yi wata huɗu bai samu wani aiki ba. Amma kar ka sa shi a lissafin jari. Na ranar baƙin ciki ne.

Amana ita ce jarin

Dillali ba shi da saniya ko ɗaya a kara, amma ana danƙa masa dukiyar miliyoyi, saboda an san shi, an san gidansu. Ranar da ya ci amana sau ɗaya, ya gama. Haka wannan sana'ar take. Dattijo zai buɗe maka wayarsa, ka ga abin da ke asusunsa, ya faɗa maka wanda yake bi bashi da wanda ke binsa. Don ya san ubanka ne, ko ya san limamin unguwarku.

Kuma mutanenmu na da dalilin ɗari-ɗari. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Sasa ta Badun a watan Fabrairu na 2021 ba zai saki jiki da baƙo mai ɗaukar suna da hoto ba. Shi ya sa ba na shiga kasuwa da rikoda sai na fara zuwa wurin Sarkin Hausawa ko shugaban kasuwa, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo ni, ga wanda ya aiko ni."

Akwai doka ma a kai. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, da hukumar NDPC mai kula da ita. Abin da ya shafe mu a ciki: sai mutum ya yarda da son ransa kafin ka ɗauki bayanansa, sai ya san me za a yi da su, kuma yana da ikon janyewa. In ba ya karanta boko, ka karanta masa da Hausa, ka ɗauki amincewarsa da murya. Kar ka taɓa karɓar lambar sirri ko BVN na kowa. A rahoto ka cire sunaye, ka ce "dillali mai shekara hamsin da wani abu." Kar ka yi alƙawarin rance ko tallafi don a saurare ka. In kamfani ya ce ka tattaro masa lambobin waya ya riƙa tura talla da sunan bincike, ka ce a'a ko nawa ne. Mai albashi ba ya iya zaɓen aikin da zai yi. Kai kana iyawa, kuma wannan na cikin manyan ribar fita.

Ga 'yan uwa mata kuma, akwai gurbi babba. Ni ba zan iya shiga gidan aure in zauna da matar mutum ina tambayarta adashinta da cinikin da take yi daga cikin gida ba. Duk aikin da ya shafi mata sai na nemi mace mu raba, kuma masu iyawa ba su da yawa.

Wa ya kamata ya fita?

In kai ne ke riƙe da gidanku, ba ka da ajiya, ko matarka na dab da haihuwa, ka zauna a kujerarka tukuna. Ba tsoro ba ne, hankali ne. Ka fara koyo a inda kake: in kana amsa kiran kwastomomi ko kana riƙe da POS, kullum koke-koken mutane kake ji. Ka sami littafi ka riƙa rubuta su, ka ga wanne ke maimaituwa. Akwai darussa kyauta a YouTube. Ka gwada da mutum biyar a unguwarku, ka rubuta shafi biyu. In ka ga kana iya zama awa guda kana sauraron mutum ba ka katse shi ba, kuma rubutun bai gundure ka ba, to kana da hannun sana'ar.

In kuwa abubuwa huɗun can sun cika, ka yi shawara da iyayenka, ka sa ranar fita. Kowane aiki ka gama, ka koma wurin waɗanda ka yi hira da su ka yi musu godiya, in an gyara abin da suka koka a kai ka nuna musu. Su ne za su buɗe maka ƙofa a aiki na gaba.

Allah Ya ba kowa sa'a a abin da ya sa a gaba, Ya tsare mu a zaman da muke yi.